Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Kwamitin Adana Bayanan Ƙungiya

Assalamu alaikum, shugabanni, iyayenmu da 'yan'uwa membobi.

Babban aikinmu na bana shi ne raba ƙungiya da dogaro ga kwamfutar hedikwata ita kaɗai. A da, in ta sami matsala, lissafin zubin kowa sai ya tsaya cik. Yanzu kowane reshe yana riƙe da kwafin bayanan a kwamfutarsa, a kan wata manhajar adana bayanai mai suna CouchDB. Sakatare yana shigar da zubi da rance ko babu sabis. Da intanet ta dawo, sai kwamfutar ta tura sabon abin da aka shigar zuwa rumbun ajiya na intanet, wanda ake kira gajimare, ta kuma kwaso na sauran rassa.

Mun ga ranar wannan tsari a 14 ga Maris, cikin azumi, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma. Ba reshen da ya mayar da mai zubi gida.

Amma akwai inda muka yi tuntuɓe, kuma haƙƙinku ne ku sani. Wata baiwar Allah ta biya bashinta a wani reshe, ranar kuwa sakataren wani reshen ya gyara rubutun sunanta. Manhajar ta adana gyare-gyaren biyu, ta nuna ɗaya, biyan ya ɓuya. Ta zo ofis da rasidinta a ƙulle a bakin zane, tana rantsuwa ta biya. Abin ya yi mana ciwo ƙwarai. Daga nan muka hana taɓa tsohon rubutu: kowane biya sabon layi ne, kuma duk Asabar ana duba inda bayanai suka ci karo.

Mun kuma lura cewa abin da aka goge a reshe ɗaya yakan goge a ko'ina, don haka duk wata muna sauke kwafi a faifan ajiya, a kulle shi a ofishin ma'aji. Kowane sakatare yana da kalmar sirrinsa, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora mana alhakin tsare lambobin NIN da na wayarku.

Kuɗin hayar rumbun da dala ake biya, faɗuwar naira kuwa ta sa ya zarce kasafinmu. Muna roƙon babban taro ya amince da ƙarin kuɗi, tare da sanya sola a rassan da wuta ke yi musu wuya.

Wassalam,
Sakataren Kwamiti