Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin Bayoloji ne a wata makarantar sakandare ta gwamnati da ke wajen gari, kuma magana ɗaya ce ta kawo ni: takarda ta uku ta jarrabawar WAEC, wadda yara ke kira firaktikal.

Bayoloji a WAEC takarda uku ce. Ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi, maki 50. Ta biyu ta dogon rubutu ce, maki 70. Ta uku kuwa awa biyu ake yi, maki 80 take ɗauke da shi. Wato a cikin maki 200, kashi 40 cikin 100 yana kan teburin gwaji, ba a cikin littafin rubutu ba. To amma wannan kashin ne muke barin yara su tarar da shi ranar jarrabawa kamar baƙo.

Bara wata ɗaliba tawa, mai ƙoƙari sosai, ta haddace cewa idan aka ɗiga aidin a kan sitaci yakan koma shuɗi mai duhu kamar baƙi. Ta rubuta wannan a gwaji ya fi sau biyar. Ranar da na samo kwalbar aidin da kuɗin aljihuna, na ɗiga a kan gutsuren dankali, sai ta ja da baya tana cewa, "Malam, ashe da gaske ne?" Shekara uku tana karanta abin da idonta bai taɓa gani ba. Haka ruwan Benedict da ke komawa ja kamar jan bulo idan an ɗumama shi da sukarin gulukos, haka gwajin Biuret da ke fitar da launin shunayya idan akwai furotin. A allo kawai suka san su.

Masu duba takarda ba sa sassauci a wannan fanni. Ana so yaro ya zana abin da ke gabansa da fensir, layi ɗaya tsaf ba kankare-kankare, ya ba zanen suna, ya rubuta ninki nawa zanen ya fi ainihin abin girma ko ƙanƙanta, ya ja layukan suna da rula ba tare da sun gifta juna ba. Harafi ɗaya ya kuskure a sunan wata gaɓa, makin ya tafi. Wannan aikin hannu ne, sai an maimaita shi kamar ɗinki. Yaron da bai taɓa riƙe madubin ƙara girma ya duba ƙafar fara ba, yaya zai lura da ƙayoyin da ke jikinta a cikin minti goma, alhali mai gadin jarrabawa na kai da kawo a kansa?

Abin da ke ba ni takaici, Ranka ya daɗe, kayan duban ba su da tsada. Fara, kyankyaso, gara, kwaɗo, karfasa, ƙwayar masara da ta wake, albasa, duk muna da su a tsakar gida da kasuwa. Ƙashin bayan tunkiya ma, wani mahauci ke tara mini kyauta, har yana tambayata ko miya zan yi da shi. Abin da ba za mu iya tsinta a bola ba shi ne sinadarai, kwalaben gwaji, madubai, da ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje da zai adana su. Namu ya yi ritaya, ba a turo wani ba, ɗakin kuma ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru.

Idan kuɗin kaya sun zo ma, sai jarrabawa ta rage mako guda, bayan hukumar WAEC ta aiko da jerin abubuwan da za a tanada. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma wannan saurin ne ke jefa wasu malamai cikin fitina, su riƙa raɗa wa yara abin da zai fito maimakon koya musu duba da idonsu. Yaro ya samu C6 ta wannan hanya, ya shiga makarantar jinya, can ma ya tarar da madubin da bai san inda ake sa ido ba.

Roƙona shi ne a ware kuɗin kayan gwaji tun zangon farko na kowace shekara, a fara daga 'yan SS1, a kuma sa jami'an duba makarantu su riƙa neman littafin zanen ɗalibai kamar yadda suke neman rajistar halarta. Jarrabawar WAEC na zuwa a watan Mayu da Yuni, ta NECO na biye da ita. 'Yan ajina na bana suna jira, kuma kwalbar aidin ɗin da na saya ta kusa ƙarewa.

Naka mai biyayya,
Malamin Bayoloji