Zuwa ga Mamana, kan littafin nan da kika dogara da shi

Assalamu alaikum Mamana, ya karatu ya ƙoƙari. Na karanta babin farko na furojet ɗinki da kika turo, kin yi ƙoƙari wallahi, abu ɗaya ne ya tsaya min a rai, duk inda Leo Africanus, matafiyin nan da ya rubuta littafi kan Afirka a ƙarni na 16, ya faɗi magana kan Kano sai kawai ki ɗauka ki dasa kamar ba ja, alhali ba ki tambayi ta hannun wa da wa maganar ta biyo kafin ta iso gare ki ba.

Kinga a wancan zamanin a Turai littafin tarihi haja ce, sai mai kuɗi ya zuba jari tukuna, kuma takarda ce ke lashe mafi yawan kuɗin. Ko ɗinki ba a yi masa, falle-falle ake cusa shi a ganga a kai kasuwar baje kolin littattafai ta Frankfurt, wanda ya saya shi zai kai a ɗinke masa a sa bango daidai aljihunsa. To mai ɗab'i da ke tsoron kwantai dole ya yi abin da zai ja mai saye. Dubi babban tarihin duniya da Anton Koberger ya buga a Nuremberg a 1493, zane sama da 1,800 amma da allunan katako sassaƙaƙƙu 645 kacal aka buga su, shi ya sa hoto ɗaya za ki gani an rubuta Dimashƙa a kansa, can gaba kuma shi ɗin ne dai an ce Mantua ta Italiya. Kuma duk da wannan ado, da aka zauna lissafi a 1509 akwai ɗaruruwan kwafe da ba su shiga ba. Ga kuma hukuma, a Ingila John Hayward kurkuku ya kwana saboda tarihin da ya fitar a 1599 kan tuɓe wani sarki, Sarauniya Elizabeth ta ga kamar da ita ake.

To mutumin naki, sunansa na yanka al-Hasan al-Wazzan, a Granada aka haife shi amma a Fas ya tashi, 'yan fashin teku suka kama shi a 1518 suka miƙa wa Fafaroma, a Rum ya gama rubutun a 1526 da Italiyancin da ya koya da girma, kuma yana hannun mutane yana rubuta musu, kin san ba komai bakinsa zai iya faɗa ba. Sai 1550 Ramusio, wani mai tattara labaran matafiya, ya buga shi a Venice, kuma da masana suka samu rubutun hannu suka gwada sun ga Ramusio ya gyara harshe, ya sassauya wurare da dama. Daga nan aka juya shi zuwa Latin a 1556 da kurakurai, John Pory kuma ya jingina da na Latin ɗin ya yi na Turanci a 1600, wanda shi ne kike ta kafa hujja da shi. Hannu nawa kenan Mamana?

Ban ce ki yar da shi ba, a'a, mutum ne mai daraja, shi ya gaya mana a Timbuktu littattafan hannu sun fi sauran haja riba. Amma batun da ya kawo cewa Askiya, sarkin Songhai, ya ci Kano da yaƙi, ki buɗe tarihin sarakunan Kano ki duba, ba a ambaci haka ba, kuma akwai masana da ke shakkar ko Leo ɗin ya taɓa taka ƙasar Hausa da ƙafarsa. Dan Allah ki jera maganganun biyu ki faɗi wadda kika fi gamsuwa da ita da dalilinki, ki kuma rubuta wane bugu kika yi amfani da shi da shekararsa. Ki roƙi malaminki ya nemo miki fassarar Faransanci ta 1956, ta fi ta Pory aminci.

Ummanki na gaishe ki, ta ce ki daina tsallake karin kumallo. In kin gyara babin ki sake turo min. Allah ya yi miki albarka.

Babanki