Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Lafiya: Injin Gwajin Jini Ba Ya Aiki Da Hoto

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina fata kana lafiya, da iyali da aiki. Ni tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji ne, ina zaune a wani ƙauye a gabashin Jigawa, kuma magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami.

A asibitocinmu na karkara, mutum zai zo da zazzaɓi, a duba maleriya, a yi masa Widal, a ce taifod ce, a ɗaura masa ƙarin ruwa. Bayan 'yan kwanaki sai fitsari ya ɗauke, ko numfashi ya sarƙe. Sai a lokacin ake rubuta takardar tura shi Dutse ko Kano, 'yan'uwa su bazama neman kuɗin mota. Wanda ya isa da sauran rai, ko an ba shi gado a sashen kulawa ta musamman, aikin gama ya riga ya gama. Alhali sau da yawa alamar cewa ciwon zai tsananta tana cikin jininsa tun yana iya zama da kansa. Ba a dai auna ba.

Ka san zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa ba sa jin jiki sosai. Wahalar ita ce gane ɗaya cikin biyar ɗin nan da zai kwanta rai a hannun Allah. Tun a shekarun 1980 bincike a Saliyo ya nuna cewa in sinadarin AST, mai nuna lahani a hanta da sauran gaɓoɓi, ya haura 150 a jini, ko ƙwayar cutar ta yi yawa a cikinsa, haɗarin mutuwa ya ƙaru ƙwarai, kuma maganin ribabirin ya fi amfani in an fara shi cikin kwana shida na farko. Likitocin Irrua a jihar Edo, waɗanda suka fi kowa ganin wannan cuta a ƙasar nan, sun nuna cewa lalacewar ƙoda na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu ita, kuma hauhawar kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ce ke tona ta da wuri, tun ana iya shirya wankin ƙoda. Injin da ke auna AST da kiriyatinin a kan tebur yake zama, ranka ya daɗe. Ba daga wata duniya ake sauko da shi ba.

Korona ma ta koya mana, ko ba ta koya ba? A watan Afrilun 2020 masu haƙar kabari a Kano ne suka riga hukuma sanin abin da ake ciki. Daga baya ministan lafiya ya ce mutum 979 suka rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 na da alaƙa da cutar. A lokacin ne likitocin duniya suka ga cewa hauhawar wasu sinadaran jini, CRP da D-dimer da IL-6, tare da raguwar fararen ƙwayoyin jini na limfosait, na nuna wanda huhunsa zai gaza. A Ingila, a watan Yunin shekarar, aka tabbatar maganin deksametason na rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, amma ba ya amfanar wanda bai kai ga buƙatar oksijin ba. Wato magani mai araha ma sai an san matsayin ciwon. An kuma gano kusan ɗaya cikin goma na masu matsanancin hali jikinsu na yaƙar sinadarin intaferon nasa, wanda ke kare shi daga ƙwayar cuta. Wannan gwajin ban roƙe ka shi ba, na manyan jami'o'i ne.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne injin auna AST da kiriyatinin yana nan. An kawo shi, an yanke ƙyalle, an ɗauki hoto, an tafi. Yau leda ce lulluɓe da shi. Sinadarin gwaji ya ƙare ba a sake kawowa ba, wanda ya rage ya lalace a firjin da ba wuta, yaron da aka koya wa aikin an yi masa canjin wuri. Sai a ce wa manomin da ya sayar da akuyarsa ya tafi lab na kuɗi a cikin gari, ya dawo da sakamako jibi.

A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin kashi 15 na kasafi ga lafiya. Dokar lafiya ta 2014 ta ware wa kula da lafiya a matakin farko asusunta. Duk shekara muna jin adadin a rediyo. Nawa ne a ciki na sinadarin gwaji? Don Allah ka tambaya. Masu babur na ɗaukar majinar masu tarin fuka zuwa injin GeneXpert, me zai hana su ɗauki jini? Ga batun sola, ga safar hannu, domin likitoci biyu da Lassa ta kashe a Kano a Janairun 2020 ba mu manta da su ba.

Sanyi na tafe, ɓeraye masu yaɗa Lassa za su dawo rumbu, daga Disamba kuma Lassa ke tashi. Kafin nan ka shigo kowane babban asibiti na karkara ba tare da sanarwa ba, ba jiniya, ka miƙa hannunka ka ce a auna maka kiriyatinin yanzu.

Naka,
Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji, daga gabashin Jigawa