Godiya ga Alhaji Mai Shagon Kayan Wuta na Bakin Layinmu

Assalamu alaikum Alhaji, kai da yaran shagonka baki ɗaya.

Na zaɓi in yi godiyar nan a bainar jama'a saboda ba kullum ake samun ɗan kasuwar da zai faɗa wa mutum gaskiyar da za ta rage masa ciniki ba.

Ƙwan lantarkin nan mai murɗe, wanda ake ce wa mai tattalin wuta, ya daɗe yana ƙona wa magidanta rai. A kwali za ka ga awa 8,000 ko 10,000, alhali tsohon ƙwai mai zare da ƙyar yake wuce awa 1,000. Amma na banɗaki da na zaurena ba sa kai shekara. Da na kawo kuka, ba ka miƙo mini sabo ka karɓi kuɗi ba. Ka ɓalle gindin mataccen, ka nuna mini 'yan na'urorin ciki duk sun yi baƙi, ka ce galibi nan ne ajalinsa, ba gilashin ba. Zafi ke cinye su, musamman idan ƙwan yana rufe cikin murfi, ko kansa na kallon ƙasa, zafin na taruwa a gindi. A watan Afrilu a Kano kuwa, ɗakin ma kansa tanda ne.

Abin da ya fi shiga raina shi ne bayanin lambar nan ta kwali. Ashe ba alƙawari ba ce: lokaci ne da rabin ƙwayayen da aka gwada suka mutu, kuma a gwajin ana barinsu a kunne kusan awa 3 a jere. Banɗaki kuwa a kunna, a kashe, kowace kunnawa tana rage masa kwana. Ga wutarmu mai zuwa da rauni, can ta dawo da ƙarfi, ga canji zuwa janareta.

Ka aiko yaronka ya canza mariƙin ƙwan zaure da ya saki, ya cire murfin. Banɗaki ka ce in sa wani nau'in ƙwan, wato LED. Na falo, mai wat 15 da ke haske kamar tsohon mai 60, ka ce in bar shi ya ƙare kwanansa, har yau yana ci.

Uwargida ta ce in gode maka musamman kan gargaɗin zaiba da ke cikin gilashin. Yanzu idan ya fashe, yara waje, a buɗe tagogi, a kwashe da kwali, ba a sa tsintsiya. Daga bakinka kuma na fara jin cewa a 2022 ƙasashen yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba sun amince a daina ƙera irin waɗannan ƙwayaye zuwa 2025, alhali kana da ragowarsu a kanta da kake son sayarwa.

Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya raya zuri'a, Ya saka wa iyaye da Aljanna.

Naka,
Wani magidanci maƙwabcinka, Kano