Mutumina, ka shirya mu koma dajin Mambila

Assalamu alaikum mutumina,

Ya aiki, ya iyali, ya zafin Legas? Mu nan Samaru lafiya lau, hunturu ya fara leƙowa. Kana ta ƙorafi wai na ɓace maka a WhatsApp, to ba gudunka na yi ba, inda muka je ne babu sabis sai ka hau kan tudu kana ɗaga waya sama.

Mambila muka je, can jihar Taraba, ni da abokan aikina, muka kafa tanti a bakin dajin Ngel Nyaki kusa da wani ƙauye Yelwa. Tafiyar kanta aiki ce, daga Zariya sai Jos, Bauchi, Gombe, Numan, muka kwana a Jalingo don ba a tafiyar dare, washegari Bali, Serti, daga Mayo Selbe kuma mota ta kama hawa tana lanƙwasa tana nishi, ka leƙa taga ka ga kwazazzabo, wallahi duk masu surutun motar nan sai salati suka koma yi.

Kai da kake cika baki ka hau dutsen Kufena na Zariya muna makaranta, to saman Mambila ya kai wajen mita 1,600, kuma Gangirwal da ke cikin gandun dajin Gashaka Gumti a kan iyakar Kamaru mita 2,419 ne, babu dutsen da ya kai shi tsawo a Najeriya. Shi kam ba mu taɓa shi ba, sai an shirya.

Wurin kwanan fa kada ka sa rai da komai, ba wuta ba famfo, ruwa daga rafi ake ɗebowa a tafasa, girki da itace, tocila ita ce fitilarka. Amma sanyin nan shi ne labari. Da rana garau, rana na faɗuwa sai ya sauko, kuma daga ƙasa yake shigarka, tabarma kaɗai ba ta yi dole sai da 'yar katifa da bargo mai kauri, ga raɓa da ke jiƙa tanti sharkaf kafin gari ya waye. Alwalar asuba kuwa sai da muka riƙa ɗora buta a wuta tukuna, ɗaya daga cikinmu har fatawar taimama ya fara nema, muka ce malam ga ruwa ga itace, tashi ka hura.

Shi dajin a gangaren dutse yake, sama ciyawa ce shimfiɗe da shanun Fulani, kana gangarawa sai ka faɗa cikin manyan itatuwa, duhu da danshi da kukan tsuntsaye. Da jagora ake shiga, kuma gaskiyarsu ne, kai kaɗai ɓata za ka yi. Mun ga birai suna tsalle a sama, su cimfanzi kuwa akwai su amma ba sa yarda a gan su, sheƙar da suke yi da rassa su kwana kawai jagoran ya nuna mana. Akwai ma masu bincike daga wata jami'a ta ƙasar Niyu Zilan da ke aiki a dajin tare da mutanen yankin, abin ya ɗan ba ni kunya, mu ga shi a ƙasarmu amma yawancin 'yan Zariya ko sunansa ba su taɓa ji ba.

Kindirmo kam mun sha, ga ganyen shayin Kakara da ake nomawa a can. Ka ɗan tuno Fulatancinka, da shi ake ciniki.

Ni dai so nake mu koma tare kafin damina, don ruwa na sauka hanyoyin ƙauyen sai a hankali. Ka nemi hutu, ka taho da rigar sanyu da takalmin kirki, tanti ina da shi. Ka gaida madam da yara, ka faɗa min watan da zai yi maka.

Naka,
abokinka na Samaru