A fito mana da alƙaluman yaran da ke kashe kansu, yanki-yanki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku in taɓo abin da jama'a ke kauce wa ambato, wato yara da matasa masu ɗauke ransu da hannunsu.

Duk ranar 10 ga Satumba, da aka keɓe don rigakafin wannan musiba, sai a maimaita mana adadi guda: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya a shekara, kuma a 2021 ita ce ta uku cikin abubuwan da suka fi kashe 'yan shekara 15 zuwa 29. Ban musa ba. Amma ni malamin makaranta ne, kuma adadin bai faɗa mini komai game da ajin da nake shiga kullum ba. An zuba ɗan shekara 15 da magidanci ɗan 29 a kwando ɗaya, 'yan ƙasa da 15 ba sa ciki, ba a kuma raba birni da karkara ba. To, mai shirin tura masu ba da shawara makarantu, daga ina zai fara?

Hukumar da kanta ta ce ƙasashe kusan 80 ne kaɗai ke da rajistar mace-mace mai ingancin da za a dogara da ita kai tsaye. Saura duk ƙiyasi ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaro ya rasu a gida, babu likitan da ya rubuta sanadi. Iyaye na cikin jimami ga tsoron bakin mutane, sai a ce haɗari ne ko gajeriyar rashin lafiya, kuma ban ga laifinsu ba. Inda doka ta mai da yunƙurin kashe kai laifi kuwa, wa zai kai ɗansa asibiti ya faɗi gaskiya? Pakistan ta soke irin wannan doka a 2022, Ghana ta bi sahu a 2023.

Ga waɗanda suke ƙirgawa. Indiya na fitar da rahoto duk shekara, jiha-jiha, har da rukunin ɗalibai, kuma adadin ɗaliban a 2021 ya haura 13,000. Japan ta ƙirga ɗaliban firamare da sakandare 514 a 2022. Adadi ne mai ɗaci, amma sun san da shi. Sri Lanka kuwa, da bayanai suka nuna yawancin abin a yankunan manoma yake, ta hana sayar da magungunan ƙwari mafiya haɗari da ake sha don kashe kai, kuma daga 1995 adadin ya ragu da fiye da rabi.

Na san za a ce a ƙaramin yanki adadi na iya tona asirin iyali. Damuwa ce ta gaske, sai dai tana da magani. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ba ta bayyana adadin da bai kai 10 ba, kuma ana iya haɗa shekaru uku ko biyar a fitar da su tare.

Roƙona shi ne ku tura wakilinku ga ma'aikatun lafiya da hukumomin ƙididdiga ya tambaye su: yara nawa, 'yan shekara nawa, a wane yanki? Ku buga mana amsar da aka ba shi, ko da "ba mu da shi" ce.

Naku,
Wani malamin sakandare