A ba mu labarin masu hawan kogo, ba na miyar kaɗai ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ka da sauran abokan aikinka, na ɗauki alƙalami ne saboda ɗan labarin da kuka buga kwanan baya a kan miyar sheƙar tsuntsu, wadda mutanen ƙasar Sin suke biyan maƙudan kuɗi su sha. Ban ga kuskure a cikin abin da kuka rubuta ba. Da yawun tsuntsu ake gina sheƙar, kuma kilo ɗaya na mai kyau yakan kai dubban daloli. Sai dai labarin ya fara daga kwano ya ƙare a kwano, bai ce uffan ba a kan mutanen da suke sayar da rayukansu a jikin igiya cikin duhun kogo kafin sheƙar ta iso kasuwa. Allah ya nufe ni da yin karatu a Malesiya, har na samu zarafin ganin wannan aiki da idona a jihar Sabah da ke tsibirin Borneo, shi ya sa na ga bai dace in yi shiru ba.

Tsuntsuwar dai dangin tsattsewa ce, irin wadda muke gani tana shawagi a sama da yamma. Tamu ma takan liƙa gashi da yawunta a jikin ganyen giginya ko a ƙarƙashin gini, amma ta can ta fi ta ba da mamaki, domin a can cikin kogon da hasken rana ba ya shiga take kwana, tana yin wata ƙara ƙas-ƙas tana sauraron amsa-kuwwa don gane hanya, kamar yadda jemage yake yi. Iri biyu ne ake neman sheƙarsu. Akwai mai farar sheƙa, wadda kusan yawu ne zalla, ita ce mai tsada. Akwai kuma mai baƙar sheƙa, wadda take cakuɗe da gashi, sai an jiƙa ta an zauna an tsince gashin ɗaya bayan ɗaya kafin ta ciwu. An taɓa ɗora mini farar a tafin hannu. Kamar rabin ƙaramin ludayi take, zare-zare kamar busasshiyar taliya, ba ta da wani nauyi, har sai an tara sama da ɗari kafin a cika kilo ɗaya. Wannan ɗan abin ne tsuntsuwa take shafe wata guda ko fiye tana gina shi dare bayan dare.

Kogon da na shiga shi ne na Gomantong, a yankin kogin Kinabatangan, ba nisa sosai da birnin Sandakan. Manyan sassa biyu gare shi, Simud Hitam da Simud Putih, wato baƙin kogo da farin kogo, bisa ga irin sheƙar da aka fi samu a kowanne. Abin da yake fara tarbar baƙo shi ne warin kashin jemage da na tsuntsu, wanda ya taru a ƙasa tsawon zamani, kyankyasai suna ta kai-komo a kansa har a jikin katakon da aka shimfiɗa domin masu ziyara. Da na ɗaga kai sama, sai na hango wani ɗan haske yana motsi can kusa da rufin kogon. Fitilar goshin wani mutum ce. Yana kan wani tsani na igiyar kwagiri da ke lilo daga sama, a tsayin da ya fi na bene mai hawa goma, daga jikin tsanin kuma an miƙa wata doguwar gora zuwa gefe, shi yana can ƙarshenta riƙe da sanda mai ƙarfe a baki yana ɓamɓaro sheƙa. A ƙasa kuwa abokan aikinsa ne riƙe da igiyoyi, yana yi musu magana daga sama suna ja ko su sassauta, har su kai shi dab da bangon da yake so. Ban ga ɗayansu ya ɗauke ido daga kansa ba ko sau ɗaya, domin sun san kuskuren mutum ɗaya a ƙasa ajalin na sama ne. Tun daga ranar nan, in aka ambaci wannan miya, waɗancan hannayen da suka riƙe igiya nake fara tunawa.

Abin da ya fi muhimmanci a sani, Malam Edita, shi ne wannan sana'a tana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ce ta sa tsuntsayen ba su ƙare ba duk da ɗaruruwan shekarun da aka yi ana kai sheƙarsu ƙasar Sin. A Gomantong sau biyu ake ɗiba a shekara, ƙarƙashin kulawar hukumar namun daji ta jihar Sabah. Ɗiban farko yakan kasance tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da tsuntsuwa ta gama gini amma ba ta yi ƙwai ba tukuna, ta yadda za ta sake gina wata. Wannan ta biyun ba a taɓa ta. Ana bari ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan su yi fiffike su tashi, sannan a dawo tsakanin Yuli da Satumba a kwashe sheƙar da ba kowa a ciki. Idan aka tuna cewa mai farar sheƙa ƙwai biyu kawai take yi, mai baƙar kuwa ɗaya, za a gane cewa ɗiba ɗaya da aka yi ba a kan lokaci ba yana iya shafe haihuwar kaka guda a kogo.

A kogon Madai, tsakanin garuruwan Lahad Datu da Kunak, al'ummar Idahan ce take da haƙƙin ɗiba, kuma gado ne. Kowane lungu na kogon yana da sunansa da gidan da ya mallake shi, ana gadonsa kamar yadda ake gadon gona. Idan lokaci ya yi, sai 'yan dangi su baro garuruwan da suke zaune su taru a bukkokin katako da ke bakin kogon, a yi aiki a raba abin da aka samu, sauran watannin kuma a bar masu gadi saboda ɓarayi. Mutanen Idahan Musulmi ne tun da daɗewa, har akwai wani tsohon rubutunsu na ajami, irin wanda can ake kira Jawi, da ake dangantawa da shekarar 1408, mai ba da labarin musuluntar wani kakansu. Na kawo wannan ne don mai karatu ya daina kallon lamarin a matsayin abin mamaki na wasu baƙin halittu. Magidanta ne masu iyali, da wannan kuɗin suke ciyar da gida su biya wa yara makaranta.

Ra'ayina, wanda na tsaya a kai, shi ne mai gado ya fi ɗan kwangila haƙuri. Wanda ya san ɗansa da jikansa za su hau wannan bangon bayansa yana da dalilin jiran ɗan tsuntsu ya tashi. Wanda kuwa ya sayi izinin shekara ɗaya ko biyu da kuɗi mai yawa, ko ɓarawon da ya shigo cikin dare, ba ruwansa da baɗi, zai ɓamɓaro sheƙa da ƙwai da 'ya'ya a ciki ya zubar da su ƙasa. Ba ina cewa duk ɗan asalin wuri ba ya zari ba ne. A kogon Niah da ke jihar Sarawak ta Malesiya, inda masu hawa suke bin dogayen sandunan katako da aka harhaɗa har zuwa rufi, yawan tsuntsayen ya yi mummunar faɗuwa a ƙarni na 20 sakamakon yawan ɗiba bayan farashi ya tashi. Damuwar ta kai ga a 1994 ƙasar Italiya ta nemi a sa waɗannan tsuntsaye cikin jerin halittun da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES take sa ido a kan cinikinsu, ƙasashen da ake samun sheƙar suka ƙi amincewa, aka janye buƙatar. Amma abin da ya faru a Niah hujja ce a gare ni, domin ya nuna cewa idan kuɗi ya rinjayi tsarin gado da dokar jira, kogo yakan yi shiru.

Akwai inda aka gane wannan. A ƙasar Filifin, inda har wani gari a lardin Palawan ya samu sunansa El Nido daga kalmar Sifaniyanci mai nufin sheƙa, al'ummar Tagbanua ta tsibirin Koron ta daɗe tana hawan duwatsu masu kaifi a bakin teku don ɗibar sheƙar tsuntsun da suke kira balinsasayaw. A 1998 gwamnati ta ba su takardar amincewa da haƙƙinsu a kan ƙasar kakanninsu, mai faɗin sama da hekta 22,000, har da ruwan da ya kewaye tsibirin. Wannan ya ba su ikon cewa wane ne zai shiga, ina kuma aka hana shiga, ciki har da wuraren da tsuntsayen suke haihuwa.

Yau kuma wani sabon lamari ya shigo. Mafi yawan sheƙar da ke kasuwa ba daga kogo take fitowa ba, daga gidajen siminti ne da ake ginawa musamman a Indonesiya da Malesiya, a toshe tagogi a bar 'yan ƙofofi, a sa lasifika tana kukan tsuntsu dare da rana har su shigo su zauna. Indonesiya ce kan gaba a duniya wajen wannan. Ba zan kushe shi ba, tunda ya rage wa koguna nauyi, kuma ba wanda yake faɗowa daga rufin kogo saboda shi. Sai dai riba ta koma hannun mai jarin gini, ɗan kogo kuma ya zama mai bin farashin da ba shi ya yanka ba. Da ƙasar Sin ta dakatar da shigo da sheƙa daga Malesiya a 2011 saboda sinadarin nitirayit da aka samu ya yi yawa a cikin wasu sheƙu masu jan launi, farashi ya faɗi warwas, kuma faɗuwar ba ta tsallake mai hawan igiya ba.

Na san wasu masu karatu za su tambayi halaccin cinta, domin ni ma ita ce tambayar da na fara yi. Majalisar Malamai ta Indonesiya ta fitar da fatawa a 2012 cewa sheƙar halal ce, da sharaɗin a wanke duk wata najasa da ta taɓa ta, kuma kiwon tsuntsun ya halatta matuƙar ba a azabtar da shi ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne idan jaridarku za ta sake taɓo wannan batu, a nemi wakili ko ɗaya daga cikin ɗalibanmu da suke karatu a Malesiya ya je Madai ko Gomantong a lokacin ɗiba, ya zauna da masu hawan, ya tambaye su nawa suke samu daga kilo ɗaya, wa yake ɗaukar nauyin iyalin wanda ya faɗo, kuma ko 'ya'yansu suna son gadon sana'ar. Ina da hotunan da na ɗauka a Simud Hitam, a shirye nake in aiko muku da su idan kuna buƙata.

Allah ya ƙara basira, ya kuma yi jagora.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku daga Zariya